Yadda Mai Iyali Zai Shawo Kan Tangarɗar Yau da Kullum Idan a Keke Yake Zuwa Aiki

Nisan hanya ba kasafai yake makarar da uwa ko uban da ke zuwa aiki a keke ba. Tafiyar kilomita 5 ba ta wuce kimanin minti 20 ga mai tuƙi a natse, amma idan yaro ya ɓatar da takalmi ɗaya, taya ta kwana babu iska, ƙaramin kuma ya ce yana jin fitsari bayan an gama ɗaure shi a kujera, sai rabin awa ta shuɗe ba a bar ƙofar gida ba. Yawancin waɗannan matsaloli ana iya kashe kaifinsu tun kafin gari ya waye.

Mataki na farko, saboda haka, na dare ne. Bayan yara sun kwanta, a duba iskar tayoyi biyun, a gwada ta da adadin da aka rubuta a gefen taya, domin tib yana sakin iska a hankali ko da bai huje ba, kuma ya kamata a ƙara masa aƙalla sau ɗaya a mako. Tayar da ta yi laushi, ga nauyin yaro a baya, da zarar ta faɗa rami sai ƙarfen taya ya matse tib ya yi masa huji biyu a jere kamar saran maciji. Daga nan a matsa birkin gaba da na baya, a ɗiga wa kaca mai idan ta bushe, a haɗa jakunkuna da takalma wuri guda kusa da ƙofa.

Mataki na biyu ya shafi ɗaukar yaro, kuma a nan ne ban yarda a yi sassauci ko kaɗan ba. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta shawarci iyaye da kada su ɗauki jaririn da bai kai wata 12 ba a keke, saboda wuyansa bai yi ƙwarin da zai jure girgizar hanya da nauyin hular kwano ba. Wanda ya wuce haka, a sama masa kujera mai maɗauri da wurin sa ƙafa. A ƙa'idar Turai, kujerar gaba ba ta ɗaukar fiye da kilo 15, ta baya kuwa iyakarta kilo 22. Zaunar da yaro a kan kariya ƙafafunsa na reto ganganci ne, domin diddige yakan shiga tsakanin wayoyin taya cikin ƙiftawar ido, raunin kuma yakan daɗe bai warke ba. Hular kwano ta zauna daidai, tazarar yatsu biyu a saman gira, kada ta zame ƙeya. Yaro shi ne na ƙarshe da ake ɗorawa, shi ne kuma na farko da ake saukewa, kuma ba a sakin keken yana kai, ko da don a koma ɗauko mabuɗin da aka manta ne, domin motsi ɗaya ya isa ya kifar da keken da aka jingine.

Na uku shi ne faci a tsakiyar hanya. Abin da ake fara yi shi ne a sauke yaro a nisantar da shi daga bakin titi, a ba shi wani ɗan aiki kamar riƙe famfo, don kada hankalinsa ya koma kan motoci. Wanda yake ɗauke da sabon tib, da ƙarafan ɓare taya biyu, da famfo, ya huta da liƙe-liƙe: sai ya sauya tib ya bar facin har ya dawo gida. A tabbata dai bakin famfon ya dace da bawul, domin iri biyu ne suka fi yawa, Schrader mai kauri irin na mota da Presta siriri. Kafin a saka sabon tib, a shafa cikin tayar da yatsa a hankali a nemo ƙaya ko gilashin da ya jawo matsalar, in ba haka ba za a sake tsayawa ba da jimawa ba. Idan kuwa faci ya zama dole, a kankare wurin, a shafa gam, a jira kamar minti 5 ya sha iska sannan a manna. Gaggawa a nan ita ce ke sa faci ya ɓalle. Abin sha'awa, ita kanta tayar iska ta keke uba ne ya ƙirƙiro ta saboda ɗansa: John Boyd Dunlop, likitan dabbobi a Belfast, ya haɗa ta a 1887 don keken yaron mai ƙafa uku ya rage jijjiga.

Ruwan sama ba ya buƙatar dogon bayani. Birki yana jinkirin kamawa a jiƙe, sai a fara matsa shi da wuri, a kunna farar fitila a gaba da ja a baya. A tuna kuma cewa mai tuƙi yana gumi, yaron da ke zaune kuwa sanyi yake sha, don haka shi ya fi buƙatar riga mai kauri.

Mataki na ƙarshe ba na keke ba ne, na miji da mata ne. Su zauna su yanke wanda zai ɗauko yaro idan makaranta ta kira da rana, su ba malamai lambobinsu duka biyu da ta wani amintacce na uku, a kuma riƙa ajiye kuɗin mota a aljihun jaka ba tare da an taɓa su ba. A fita minti 10 kafin lokacin da ake ganin ya wadatar. Ranar da yaro ya tashi da zazzaɓi, ko yana gyangyaɗin da ya sa ba ya iya riƙe kansa, a bar keken a gida a nemi wata hanyar.