Ledar kaya a cikin jaka ake sa ta, ba a bayanta ba

Jama'a, duk wanda zai hau motar haya daga Maradi a daminar nan, musamman mai nufin Dakoro ya zarce Bermo ko dajin Gadabeji, ya sa babbar leda mai kauri a cikin jakarsa tukuna, sannan ya zuba tufafinsa a ledar, ya murɗe bakinta ya ɗaure.

Yawancinmu jakar muke naɗewa daga waje, kuma wannan ba ya hana kaya jiƙa. Idan karen mota ya ɗora kaya a sama ya ja igiya da ƙarfinsa, igiyar takan yaga ledar waje, ruwan da ya taru a lungun tamfol ya bi ta yagewar ya kwanta a ƙasan jaka. Wadda ke ciki kuwa, jakar ce ke kare ta daga igiya da bakin ƙarfe, ko da an yini ana marka irin ta watan Agusta.

Dabarar tana da iyaka. Kada ku sa rigar da ba ta bushe ba, domin leda tana riƙe danshi, kafin ku isa sauran tufafin sun yi warin ruma. Haka nan ba ta da amfani idan mota ta faɗa korama mai zurfi bayan an bar kwalta.

Salula da katin shaida da magani kuwa, ku ƙulle su a ƙaramar leda ku riƙe a jikinku, domin direba ba zai kwance lodi ana ruwa ba don mutum ɗaya.