Yadda na gyara PDF da ya koma buɗewa a burauza

Kwamfutar shagonmu na fotokofi a Garwa ta yi sabuntawa cikin dare, da safe duk PDF ɗin da na danna sai ya buɗe a burauza, ga ɗalibai sun yi layi suna jiran firintin.

Tamu Windows 10 ce ta Faransanci. Na danna dama a kan fayil ɗin, Ouvrir avec, sai Choisir une autre application, na zaɓi manhajata ta da, amma fa sai ka sa alama a akwatin Toujours utiliser ɗin nan na ƙasa, in ba haka ba sau ɗaya kawai zai bi, gobe ya koma gidan jiya. Hotuna kuwa kowane iri da nasa, jpg daban png daban, a Paramètres, Applications par défaut na saita su.