Sababbin zuwa Amurka, dan Allah ku daina cika tanki har wuya

Salamu alaikum ƴan uwa. Wannan maganar ta shan mai na daɗe ina so in yi ta, saboda duk wanda ya zo cikinmu da ya samu lasisi sai ya ruga ya sayi tsohuwar mota a gwanjo don ya fara ɗaukar fasinja da Uber ko kai abinci da DoorDash, kuma wallahi abin alfahari ne yadda yaranmu ba sa zaman kashe wando, amma gidan mai kawai sai ya zame musu alaƙaƙai, kullum kuskure iri ɗaya.

Masu sauƙin dai kowa zai gane da kansa. A nan babu yaron gidan mai da zai zo ya ce Alhaji na nawa, kai ne za ka sauka ka zuba da hannunka, sai fa a New Jersey, can doka ce tun 1949 ma'aikaci ke zubawa, ka zauna a motarka kawai. Farashin da ka gani a allo na galan ne, galan ɗaya kusan lita 3.8. Lambobin nan 87, 89, 93 da ke jikin famfo matakin fetur ne (octane), mai babbar lamba ya fi tsada, yawancin motocin da muke hawa 87 ya ishe su, kar ka ƙona kuɗinka wai kana gatanta mota sai in an rubuta a murfin tanki. Famfo mai koren hannu galibi dizal ne, mai rawaya E85 ne, wato fetur da aka gauraya da ethanol mai yawa, ka karanta rubutun kar ka dogara da launi. In ka manta gefen da tanki yake, duba ƙaramar kibiya kusa da alamar mai a dashbod. Shikenan.

Kati kuma, famfo zai tambaye ka zif kod, wato lambar gidan waya ta unguwa, na adireshin da ka buɗe asusu da shi, shi ya sa katin da ka zo da shi daga gida yake ƙin aiki. Sannan in ka saka katin debit a jikin famfo, banki na iya riƙe maka kuɗi masu yawa kafin a san nawa ka sha, tun 2022 Visa da Mastercard suka yarda a riƙe har dala 175, kai kuma na dala 20 ka zuba, kuɗin na iya kwana biyu uku kafin su dawo alhali kuɗin haya na jiran ka. Shiga ciki ka faɗa wa mai kanti lambar famfo da adadin da kake so, iya shi za a cira.

To yanzu ga inda nake son ku buɗe kunne. Mu a gida mun saba in ana wahalar mai ka kwana a layi, da ka kai gaban famfo sai ka ce a cika har wuya, yara biyu su kama mota suna girgizawa don ta ƙara cin lita ɗaya, sai ka ga mai da idonka a bakin tanki hankalinka zai kwanta. Wannan ɗabi'ar da ita muke sauka daga jirgi. Famfo ya yi ƙas ya tsaya, mutum ya sake matsawa, ƙas, ya sake matsawa, wai sai kuɗin sun cika dala 40 cif. Haba ɗan uwa, wa zai hana ka dawowa gobe?

Motocin nan, kusan duk na shekarar 2000 zuwa sama, suna da wani akwati mai gawayi a ciki kusa da tanki, makanikai na ce masa kanista. Aikinsa ya tsotse tururin fetur kar ya fita iska, daga baya injin ya ja ya ƙona. Tururi aka yi shi dominsa, ruwan mai lalata shi yake. Duk lokacin da ka ƙara bayan famfo ya tsaya, rarar na iya gangarawa ta wannan hanyar, gawayin ya jiƙe ya toshe. Kuma ta nan ne iskar cikin tanki ke fita in mai na shiga, kamar dai zuba kalanzir a kwalba da mazurari, in iska ba ta samu mafita ba sai ya dinga dawowa sama. A bakin ƙarfen famfo akwai ɗan rami, da mai ya taɓa shi famfo ke ɗauka tanki ya cika ya kashe kansa. Sai ka wayi gari motarka ba ta karɓar ko galan ɗaya ba tare da ƙas ba.

Akwai wani ƙanenmu da ya kira ni cikin sanyin Janairu, ya ce yaya famfunan garin nan duk sun lalace, gidan mai uku ya je. Na same shi hannu ya ƙandare ba safa, yana zuba na rabin dala yana tsayawa, wani bature a bayansa na ta danna hon, ga odar abinci na hucewa a kujerar baya. Na ce Malam kana ƙarawa in ya tsaya? Ya ce ai kullum, har girgizawa yake. Kanista da bawul ɗinsa aka canza, ɗaruruwan daloli, kuɗin aikin sati guda ya tafi. Kuma bai ƙare nan ba, wutar cek injin, mai nuna matsala a dashbod, ta kama, a New York kuwa da wannan wutar a kunne mota ba ta cin gwajin shekara-shekara. Ni kaina irin wannan kuɗin na taɓa biya shi ya sa raina ke ɓaci in na ga ana maimaitawa.

Amma ba kowane ƙas ne lalacewa ba fa, kar ka firgita. Wani famfon ƙarfinsa ne ya yi yawa, matsa shi rabi-rabi, ko ka ɗan jawo bakin waje kaɗan ko ka karkata shi, in ya ƙi koma wani famfon. A California wasu na da roba mai lanƙwasa a baki, sai ka danna ta sosai ta manne kafin mai ya fito. In ko'ina ka je haka take yi, to motar ce, wani lokacin ma ƙasa ko yanar gizo-gizo ce ta toshe bututun iska, gyara mai arha. Shagunan kayan mota irin AutoZone a yawancin jihohi suna saka na'ura su karanta maka lambar matsalar kyauta, ka riƙe lambar kafin ka je wa makaniki, kar ya ga baƙo ya lissafo maka abin da babu. Wutar cek injin ta kama bayan ka sha mai? Fara duba murfin tanki, murɗa shi har ya yi ƙara, sau da yawa shi ne kawai, bayan ƴan kwanaki ta mutu da kanta.

Sai masu zuwa da jarkar man gyaɗa wai za su ajiye mai a but saboda ko-ta-kwana. Kar ma ka fara, doka ta hana zubawa sai a jar jarka da aka amince da ita, kuma ana ajiye ta a ƙasa ne a zuba. Ka kashe injin, kuma lokacin hunturu kar ka koma cikin mota ka zauna mai na zuba, jikinka na tara lantarki daga kujera, in dole ta sa ka shiga to taɓa ƙarfen ƙofa kafin ka kama famfon.