Kafin ka sa hannu a takardar haya a Japan

A wannan shekarar kaɗai mutum uku na raka neman gida, kuma dukansu ramin da na faɗa lokacin zuwana suka nufa ido rufe. Na gaji da maimaita magana a waya, shi ya sa na zauna na rubuta.

Takardu ba su da wuya idan ba ka yi kasala ba. A filin jirgin Narita, Haneda ko Kansai za a miƙa maka katin zama, wanda suke kira zairyu kado. Kada ya bar aljihunka, ɗan sanda na iya tambayarka a hanya. Da ka sami wurin kwana, kana da kwana 14 ka kai adireshinka ofishin ƙaramar hukuma. Inshorar lafiya dole ce, da ita kashi 30 cikin ɗari kawai za ka biya a asibiti. Ka sayi katin Suica ko Pasmo na jirgin ƙasa, ka rage murya a cikin jirgin. Cire takalmi a bakin ƙofa kuwa ba sai an koya wa Bahaushe ba.

Gidan haya ne ya sha ni. Na shiga wurin dillali da albashina da bizata, ina ganin kuɗi ya gama magana. Ya buga wa mai gida waya a gabana, na ji ya ambaci gaikokujin, wato baƙo ɗan wata ƙasa, ya ajiye wayar, ya ja iska ta haƙora ya ce "chotto muzukashii". Na duba fassara na ga "da ɗan wuya", sai na ce to a daure a ƙara gwadawa. Mako biyu ina zirga-zirga, ashe tun ranar farko a'a aka ce mini.

Da aka dace kuma sai lissafi ya fito. Akwai shikikin, kuɗin ajiya. Akwai reikin, kuɗin godiya ga mai gida, wanda ba ya dawowa har abada, kai da za ka biya haya kai ne kuma mai godiya! Ga la'adar dillali, ga inshorar gobara, ga kuɗin canza makulli, ga kamfanin da zai tsaya maka tunda ba ka da ɗan ƙasa mai lamunce maka. Kafin ka karɓi makulli hayar wata huɗu zuwa shida ta tafi. Bayan shekara biyu, a Tokyo da kewaye, sau da yawa sai ka sake biyan kuɗin sabunta yarjejeniya. Da na san da gidajen UR, wata hukumar gidajen haya ta gwamnati, tun farko da na huta: su ba reikin, ba dillali, ba mai tsaya maka, ba kuɗin sabuntawa, amma suna duba ƙarfin albashinka.

Abin da ya fi ƙona mini rai ya zo daga baya. Wani ɗan'uwa ya sauka bai da masauki, na ce ya zauna wurina, ai baƙonka ba ya kwana a waje. Muna hira har tsakar dare, muna kiran gida da lasifikar waya a buɗe. Maƙwabcina kullum sai ya rusuna mini da safe, ban taɓa ganin ɓacin rai a fuskarsa ba. Kwatsam sai ga wasiƙa daga kamfanin da ke kula da ginin: hayaniya, da zaman mutumin da ba ya cikin yarjejeniya. Shiru ma magana ce, amma ni ban ji ta ba. Ranar da zan tashi kuma suka nuna mini bango inda hayaƙin turaren wuta ya dafe, kuɗin ajiyata kusan duka a nan ya ƙare. Ka ɗauki hoton kowane lungu ranar shigarka, kuma shara ka raba ta yadda takardar unguwa ta ce, ka fitar a ranarta. In ka cakuɗa, za a manna mata takarda a bar maka ita, kowa kuma ya san ta wane ce.

Alhamdu lillahi, mutanenmu a nan akwai riƙon zumunci. Ka je Juma'a a masallacin Tokyo Camii da ke Yoyogi-Uehara, ko masallacin Kobe da aka gina tun 1935, ba za ka rasa mai nuna maka shagon naman halal a unguwar Shin-Okubo ta Tokyo ko wani wuri ba. Amma don Allah ku riƙa tambaya kafin ku sa hannu, ba sai ruwa ya ƙare wa ɗan kada ba. Ku haddace harafin 豚, alade ke nan, ku kuma kula da mirin, giyar girki ce da ke shiga miya da yawa.

Sai harajin mazauna, juminzei. Shekarar farko ba a taɓa ka, sai ka ɗauka albashin duka naka ne, kana ta aike gida. Daga watan Yuni na shekara ta biyu za a fara karɓa, kusan kashi 10 cikin ɗari bisa abin da ka samu bara, ko da ka bar aikin. Ka fara ware masa wani abu tun albashin farko.