Yadda ake toshe ƙofar sata a kamfani bisa tsarin Kautilya

Kautilya, wanda ake kira Chanakya, shi ne aka sani da mashawarcin Sarki Chandragupta da ya kafa daular Maurya a Indiya wajen shekara ta 321 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Littafin mulki da tattalin arziki da ake danganta masa, Arthashastra, ya ɓace ƙarnoni kafin masani Shamasastry ya gano shi a birnin Maisur na Indiya a 1905. A ciki ya lissafa hanyoyi 40 da ma'aikaci ke bi ya ci dukiyar da aka ba shi amana. Ya kwatanta mai riƙon kuɗi da kifi: ba ka sanin lokacin da yake shan ruwa. Don haka tsarinsa bai dogara da kirkin mutum ba.

Fara da littafin shiga da fita. Kowane kuɗi a rubuta ranarsa, adadinsa, daga ina ya zo, wa ya biya, wa ya karɓa, wa ya rubuta. Rana ce ta fi muhimmanci, domin farkon dabarun da ya lissafa su ne a karɓi kuɗi yau a rubuta sai daga baya, ko a rubuta an karɓa alhali bai shigo ba. A wannan tazarar kashiya ke juya kuɗinka ya ci riba. Maganinsa: a rufe lissafi kullum da yamma, a gwada da bayanan banki kafin a tashi.

Sai ka raba hannu. Mai karɓa daban, mai rubutawa daban, mai riƙe makullin sito daban. Kautilya ya so kowane sashe ya sami shugabanni fiye da ɗaya, kuma kada su daɗe a kujera. Sauya akanta ko mai sito lokaci-lokaci, amma a ƙirga kaya gaban mai fita da mai shiga, su biyun su sa hannu. In ba haka ba, giɓi zai bayyana kowa ya ce ba a hannunsa ba.

Ranar bincike, tsarinsa shi ne ma'aikata su zo da littattafai a rufe da hatimi, kuma a hana su magana da juna. Yi haka: karɓe takardu tukuna, sannan ka tambayi kowa shi kaɗai. Bakin da aka haɗa ba ya tona komai.

Akwai wurin da masu kamfani da yawa ke kuskure. Kautilya bai yaba wa jami'in da ya ninka haraji ba, ya ce talakawa yake cinyewa. Manajan da cinikinsa ya ninka kwatsam, kafin ka ba shi kyauta duba ko bashi ya zuba wa dillalai, ko kwastomomi yake tatsa.

Wanda ya tona sata kuma ta tabbata, an ware masa kashi ɗaya cikin shida na kuɗin, ko ɗaya cikin goma sha biyu idan ma'aikaci ne, wanda ya yi ƙage kuma a hukunta shi. Ɗauki ɓangarorin biyu tare. Lada ba tare da hukuncin ƙage ba gulma kawai yake haifarwa a ofis. Hukuncin kansa ka bar shi ga dokar ƙwadago da kotu, tarar zamanin Maurya ba ta da gurbi a takardar ɗaukar aiki.