Kurakuran da ake tafkawa wajen tantance tsohuwar bindigar Luger

Luger, ƙaramar bindigar nan da sojojin Jamus suka fara ratayawa a 1908 da sunan P08, tana cikin abin da masu tara kayan tarihi ke rububi a Turai da Amurka. Saboda kuɗin da ake zubawa a kanta, masu yi mata kwaskwarima sun yi yawa.

Kuskure mafi tsada shi ne ruɗuwa da sheƙi. Sabon shiga yana ganin bindiga baƙa wuluk tana ƙyalli sai ya ce an adana ta da kyau, alhali sake rina ta aka yi, kuma hakan na karya darajarta warwas. Kafin 1937, a hankali ake turara ƙarfen har ya yi baƙi, cikin gangar jikin kuma a bar shi fari. Ƙananan sassa irin su kunama da makullin da ke hana ta tashi ana gasa su ne har su yi ruwan ɗorawa. To idan shekarar da aka buga a saman bindigar 1916 ce, amma kunamarta baƙa, cikinta ma baƙi, tsoma ta aka yi daga baya. Ka ɗauko gilashin ƙara girma ka dubi haruffan sunan kamfanin da ya ƙera ta, irin su DWM, da ke samanta. Na asali bakinsu kaifi gare shi. Wanda injin goge ƙarfe ya bi ta kai za ka ga sun daƙushe, sun yi kamar za su nutse. Koɗewar gaskiya kuwa tana da wurarenta: bakin bututu da tudun farantin gefe, inda kuben fata ke goga.

Sai batun lamba. A Luger ta soja, ana buga lambobi biyu na ƙarshe a kan kusan kowane ƙaramin sashe. Mutane kan tsaya a “lamba ta dace” su biya kuɗi. Ai bugawa ba wuya. Ka kwatanta siffar lambobin da zurfinsu. Idan bakwai ɗin da ke kan kunama ya sha bamban da na gangar jiki, akwai magana. Ka kuma nemi ɗan harafin da ke ƙarƙashin lambar, domin masana'antun kan ƙirga har wajen dubu goma ne su koma farko da sabon harafi, don haka bindigogi da yawa lambarsu ɗaya. Waɗanda Tarayyar Sobiyet ta ƙwace a Yaƙin Duniya na Biyu an wargaza da yawansu an haɗa gambiza, wasu ma da alamar X a jiki.

Gidan harsashi, wato magazin, shi ne lambarsa ta fi saɓawa, kuma ni ban ɗauki wannan aibi babba ba. Amma zamani ya dace: gindin katako na lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya ne, na alminiyam ya zo daga baya.

Tambarin ƙoƙon kai ko na dakarun SS na 'yan Nazi, tare da labarin wai daga hannun wani janar aka karɓe ta, kada ka ƙara ko sisi a kansu sai da takarda. Tamburan jabu sun cika kasuwa.

Akwai kuma ɓarnar da mai kaya ke yi da hannunsa, gyaran gangar auzinawa: ya ga ɗigon tsatsa ya ɗauko sosan ƙarfe. Ɗan mai da tsumma mai laushi sun isa. Kada ka ɓamɓare katakon mariƙi na hagu da gaggawa, kusurwarsa ta kusa da makulli saurin ɓantarewa gare ta. Bayan ka tabbatar babu harsashi a ciki, haska bututun da tocila, don harsasan wancan zamani suna barin gishirin da ke cin ƙarfe. Harba ta kuwa kasada ce; allurar harbi mai lamba in ta karye, ba za ka sake samun tata ba.