Yadda ake fita da tsofaffin motoci a ayari daga Kumasi zuwa Togo

Akwai mutane a unguwannin Aboabo da Asawase na Kumasi da suka ajiye Peugeot 504, ko Mercedes W123, ko ƙwaryar Volkswagen ɗin nan mai inji a baya, suna wanke ta ranar Juma'a su zagaya gari su dawo. Irin wannan mota za ta iya kai mutum wata ƙasa ta dawo da shi, muddin ba shi kaɗai ya fita ba. Motar da ta haura shekara 40 tana buƙatar 'yan rakiya. Kakanninmu fataken goro da suka riƙa zuwa Salaga sun san haka, shi ya sa suke tafiya da madugu, da jagaba a gaba, da zango sananne. Tsarin da za ku bi ke nan.

Ku fara da zaɓen hanya gajera. A fitar farko kada kowa ya kawo zancen Dakar. Togo ta isa. Daga Kumasi zuwa Accra kusan kilomita 250 ne ta Konongo, Nkawkaw da Nsawam. Ku kwana a Accra, washegari ku bi ta Tema, ku haye gadar Sogakope, ku wuce Akatsi har Aflao, abin da bai kai kilomita 200 ba. Kuna ƙetare iyaka kun shiga Lome, don garin a bakin boda yake. Daga nan ko ku bi gaɓar teku zuwa Aneho, ko ku hau arewa zuwa Kpalime, wajen kilomita 120, inda ake hango dutsen Agou. Ni na fi son Kpalime saboda sanyinta, amma hawan tudun wajen yana tona asirin lagireto.

Mota huɗu zuwa shida sun wadatar. In sun fi haka, tsayawa shan mai kaɗai sai ta cinye muku safiya.

Sai gareji, kuma nan ne aikin yake. Wata guda kafin tafiya kowa ya kai motarsa Suame Magazine, unguwar makanikai ta Kumasi, wurin makaniken da ya san tsohon inji, irin dattijon da ke kasa kunne ya gaya maka fulogi na nawa ne ba ya ci. Ka faɗa masa gaskiya: "Masta, wannan karon ba zagayen gari ba ne, Lome za mu." Zai duba ta da wani ido daban. Zafi ne babban abokin gabar tsohuwar mota, don haka a sauke lagireto a wanke, a matsa kowane tiyon ruwa da hannu. Wanda ya yi laushi kamar burodi ko ya tsattsage a canza shi. A duba famfon ruwa da fambel. A wanke kafireto, a sa sabuwar matatar mai. A zubar da tsohon man birki, don yana shan danshi, kuma a gangara mai tsawo shi ke sa birki ya tafi ƙasa. Taya kuma ba zanenta kaɗai ake dubawa ba. A gefenta akwai lambobi huɗu da ke nuna mako da shekarar da aka yi ta. Tayar da ta shekara goma a ajiye tana iya fashewa ko da zanenta bai goge ba.

Bayan gyara ku yi gwaji tare. Ku je tafkin Bosomtwe ku dawo. Gangarar da ke kaiwa bakin ruwan za ta gwada birki, hawowa kuma ta gwada inji. Motar da ta tafasa a can ta koma gareji, ko ta Alhaji shugaban tafiya ce.

Kayan gyara a raba su, kada kowa ya ɗauki komai. Fulogi, kontak da kondansa, koyil, fambel, fis, tiyo, baƙin mai, jarkar ruwa, igiyar jan mota, waya da sifanu. Abin da aka rasa a Suame a neme shi a kasuwar kayan mota ta Abossey Okai ranar da kuka sauka Accra. Kujera ɗaya a ayarin ta makanike ce, kuma a biya shi kuɗin kwanakinsa daga asusun tafiya. In da hali, a sa mota ɗaya ta zamani a can baya ta ɗauki kaya.

Takardu kuma a gama su tun ana gyara. Kowane mutum ya riƙe fasfo da katin rigakafin shawara mai ruwan ɗorawa. Direba ya je DVLA, hukumar lasisin direbobi da motoci ta Ghana, ya karɓi lasisin tuƙi na ƙasa da ƙasa, da takardar mota ta ƙasa da ƙasa. Inshorar gida ba ta ƙetare Aflao sai da Brown Card, katin inshorar mota na ƙasashen ECOWAS, wanda aka kafa tun 1982. A Togo jandarma zai ce maka Carte Brune. Kamfanin inshorarka ne ke bayarwa. A iyaka kwastan na Togo za su ba motar lesefase, takardar izinin shiga na ɗan lokaci, ka duba kwanakin da aka rubuta kafin ka bar tagar.

Ga inda masu tsofaffin motoci suka fi faɗawa rami: lambar inji. Yawancin motocin nan an taɓa canza musu inji, wasu sau biyu, takarda kuwa tana ɗauke da lambar asali. Ka ɗauki tsumma da fitila ka goge jikin injin da shasi, ka karanta lambobin ɗaya bayan ɗaya kana kallon takarda. In sun saɓa, ka gyara a DVLA tun kana gida. Haka in motar har yanzu tana sunan marigayi mahaifinka ko wanda ya sayar maka, a mayar da ita sunanka, ko ka riƙe takardar izini mai hatimi.

Kafin ranar tashi ku zauna ku yanke magana uku: wa ke gaba, wa ke baya, wa ke riƙe kuɗi. Motar da ta fi kowacce rauni ita ce ta biyu a jere, gudunta shi ne gudun kowa. Kowane direba ya riƙa ganin na bayansa a madubi. In ya ɓace masa, ya rage gudu ya sami wuri ya tsaya. Da haka saƙo ke isa gaba ko babu sabis a waya. Kuma a amince tun a gida cewa in mota ɗaya ta mutu ba a barin mai ita a hanya, kuɗin ja daga asusu zai fito. Rashin faɗin wannan a fili ya raba abokai da yawa.

Ku tashi bayan sallar asuba, ku sauka kafin magariba. Fitilar motar 1975 ba ta iya karawa da manyan motocin hanyar Nkawkaw da dare. Duk bayan awa biyu a tsaya a buɗe bonet, a duba ruwa da mai, amma kada a taɓa murfin lagireto yana da zafi. Iyaka kuma da safe ake isa, mutum ɗaya mai jin Faransanci ya tattara takardun motoci duka ya shiga ofis, sauran su tsaya wurin motocin, don jama'a za su taru kallo da ɗaukar hoto. Ku canza sidi zuwa sefa kafin ku yi nisa, ku nemi ƙananan kuɗi saboda kuɗin hanya. Tuƙi dai hannun dama ne a can kamar nan, tunda Ghana ta koma dama a 1974, sai dai 'yan babur na Lome sun fi na Kumasi yawa nesa ba kusa ba, ku bar musu fili.

Mai a gidan mai za ku sha. Fetur ɗin kwalba na bakin titi yakan zo da ruwa ko datti, kafireto kuwa ba ya yafe wannan. Masallaci da abinci ba matsala ba ne, Agoe Zongo na arewacin Lome cike yake da masu jin Hausa.

Ranar dawowa ku miƙa wa kwastan lesefase a tabbatar an rubuta fitar kowace mota, in ba haka ba littafinsu zai nuna tana Togo har yanzu, kuma a tafiya ta gaba za a tambaye ku.